Koren Ɗigo a Taswirar Kwali

Ku matasan da ke zuwa shagona koyon aiki yanzu, da wuya a yi mako ɗayanku bai ce mini, "Oga, ai wannan ba wani abu ba ne," ba. Ya zana tambari, ya jefa shi a shafin intanet, ya buɗe a waya, ya buɗe a kwamfuta, ko'ina ya fito tsaf, sai ya juyo yana kallona kamar shi ya ƙirƙiro wutar lantarki. Ba na musa muku. Aikin ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Amma ina so ku sani ba haka muka same shi ba, kuma akwai shekarar da wannan abin da kuke yi da yatsa ɗaya ya hana wata unguwa ruwa rani guda.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne wanke maus. Ku ba ku san maus mai ƙwallo a ciki ba. Sai ka kifa shi, ka buɗe, ka ciro ƙwallon, ka kankare dattin da tsinken ashana, in ba haka ba kana jan layi yana tsalle. Na zo Abuja daga Funtuwa da 'yar takardar difloma da girman kai fal ciki. Wani kawuna mai shagon atamfa a kasuwar Utako ya kai ni wurin Malam Ɗanjuma, ya ce, "Ga ɗanka Isiyaku, sai yadda ka yi da shi." Malam Ɗanjuma Bazazzage ne. Ya yi shekaru a ofishin safiyo yana zana taswira da alƙalamin tawada, da ya yi ritaya ya buɗe shago a saman wani bene bayan kasuwa, tsakanin tela da mai gyaran rediyo. Kwamfuta biyu gare shi masu ƙatuwar ƙeya, da sikana ɗaya, da janareton da muke tarayya da telan. Ya karanta takardata daga sama har ƙasa, ya ninke ta, ya miƙo mini maus.

Sai da na yi watanni kafin ya bar ni na taɓa aikin mutane. Wani Bakano mai sayar da shinkafa ne ya kawo tambarinsa a jikin 'yar takarda, yana so a buga masa shi a buhu da bangon shago. Na ɗora a sikana, na ɗauka, na ja shi ya yi girma. Nan take zakin da ke jikin tambarin ya dagargaje, ba ka bambance ido da hanci. Oga, wato Malam Ɗanjuma, ya zo ya tsaya a bayana.

"Matso da fuskarka. Me ka gani?"

"Ɗigo-ɗigo, Oga."

"To shi ne hoto. Gero ne aka baza a faifai. Daga nesa ka ga sura, ka matso ka ga tsaba."

Ya jawo kujera ya nuna mini ɗaya hanyar. A wannan ba ka ba kwamfuta hoto, kwatance kake ba ta: tashi daga nan, miƙe zuwa can, lanƙwasa, rufe, cika ciki da kore. Duk sanda aka buɗe, ita ce za ta sake zanawa da kanta, ko a faɗin katin gayyata ko a faɗin bango, kuma bakin layin yana nan da kaifinsa. Irin fayil ɗin da ake sa wa a shafin intanet masana suna ce masa SVG, mu a shago zanen layi kawai muke cewa. Wahalarsa ita ce bin sawu. Ka ɗora tsohon zane a ƙasa, ka bi shi da maus kana kafa ƙulli a duk inda layi ya juya. Duk inda na kafa ƙulli biyu alhali ɗaya ya isa, sai in ji rula a bayan hannuna. Oga ya ce mai yawan ƙulli bai fahimci surar ba ne, lalube yake. Har yau in na buɗe aikin ɗayanku na ga ƙulli birjik a gefen da'ira, bayan hannuna sai ya yi mini ƙaiƙayi.

Masu kawo mana aiki yawancinsu 'yan kasuwa ne, Kanawa da Katsinawa, kuma kowa yana son zaki da gaggafa da taswirar duniya duk a tambari guda. Ka ce, "Alhaji, ya yi yawa," ya ce ai shi ma kasuwancinsa da yawa yake. Daga baya ofisoshi suka fara neman shafin intanet, muka bi su can.

A nan matsalar take. A wancan zamani burauzar da ke kan kusan kowace kwamfutar ofis a garin nan, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ba ta san zanen layi ba. Ka ba ta hoto ta nuna. Ka ba ta zanen layi ta yi maka farin akwati da ɗan jan kuros a kusurwa. Sai wani babban kamfani na ƙasar waje ya fito da wani ɗan abin liƙawa kyauta, fulogin muke ce masa, wanda in ka sa wa burauzar sai idonta ya buɗe. Zane ya fito, ka matso da shi, ka danna wani sashe ya amsa, har launi ya canja da kansa. Kullum yana aljihuna a faifan sidi, duk ofishin da na shiga shi nake fara sawa kafin in nuna aiki. Wata rana Oga yana shan shayi ya ce, "Isiyaku, in mutanen nan suka gaji da bayarwa fa?" Na ce kamfanin ya fi ƙarfin gajiya. Ya ci gaba da hura shayinsa.

Babban aikin da muka taɓa samu a hannun Hajiya Bilkisu ya fito. Ita ce mai kula da gyaran rijiyoyi a wata ƙungiyar samar da ruwa a karkara, ofishinsu yana Jabi. Sun haƙa rijiyoyin burtsatse masu famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyukan Kwali, ga makanikai kaɗan, ga mota ɗaya.

"Malam, ba taswirar bango nake so ba," in ji ta. "Ina da su, har gara ta ci wasu. So nake ina zaune a kujerata in san wace rijiya ce ta mutu jiya."

Muka tsara mata: kowace rijiya ɗigo ɗaya a taswira. Mai aiki kore, matacciya ja. Suna da wakili a garin Kwali mai kwamfuta, in labari ya zo masa sai ya shigar, ɗigon ya canja a Abuja, a tura mota. Hanyoyi da rafuka da tuddai Oga ne ya zana su da hannunsa daga tsofaffin taswirori, ban taɓa ganin ya sa ransa a aiki irin wannan ba. Yawon gano inda kowace rijiya take kuwa ni aka tura, don gwiwoyinsa sun fara yi masa gardama.

A wannan yawo na san Mama Laraba. Unguwarsu, Gangare, tana can ƙarshen hanya, sai ka bar mota ka tsallake rafi da ƙafa, kuma waya ba ta kamawa ko ka hau bishiya. Bagwariya ce mai ginin tukwane, ita ce kuma shugabar matan da ke kula da famfon. Na same ta tana zagaya wata randa da ba ta gama ba, randar tana zaune Mama ce ke juyawa, hannu ɗaya ciki ɗaya waje. A kewayenta 'yan matan da take koya wa aiki, wasu na kwaɓa yumɓu, wasu na kawo ruwa daga famfo a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya. Tukwane da tuluna jere a inuwa suna shan iska. Ta ce mini aikinsu na rani ne. In an gama girbi a fara, kafin ruwan sama ya sauka a gama gashi, don da damina laka ba ta bushewa kuma gona ba ta jira. Abin da suka gina a rani shi ne cefanensu da suturarsu har wani ranin.

Ta ga ina danna 'yar na'urar auna wuri a gindin famfo.

"Ɗana, wannan abu shi zai kawo ruwa?"

"A'a, Mama. Shi zai gaya wa Abuja in ruwa ya tsaya."

"To mu ba mu da baki ne?"

'Yan matan suka kwashe da dariya. Na ce, "Kuna da shi, Mama, Abuja ce da nisa." Na yi mata bayani dalla-dalla. Ba sai ta sha hanya ba, ba sai ta nemi wani babba ya sa baki ba. In famfo ya tsaya, ranar kasuwa ta gaya wa wakili, shi ke nan, ta koma ta jira mota.

Ta dube ni ta ce, "To. Na riƙe."

Kuma abin ya yi aiki. Karo na farko da famfonsu ya tsaya ta gaya wa wakili, ɗigon ya yi ja, kafin kasuwa ta zagayo makanikai sun je. Har tulu ta aiko wa Oga da shi. Ya ajiye shi a kusurwar shago muna shan ruwan sanyi.

Sanarwar gajeriya ce, a shafin kamfanin da ya yi fulogin na gan ta wata safiya. Sun ce daga lokaci kaza sun daina kula da fulogin ɗin, ba gyara, ba sabo. Na karanta wa Oga. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce in sake karantawa. Bai tuna mini da maganarsa ba, kuma shirun ya fi mini ciwo.

Ku fahimci wani abu, don zai sake faruwa a zamaninku. Irin wannan abu ba ya mutuwa rana ɗaya. Washegari komai yana aiki, wata mai zuwa ma haka, har ka fara cewa hayaniya ce kawai. Sai ofis kaza ya sayo sababbin kwamfutoci, ka je da faifanka, fulogin ya ƙi shiga. A wani wurin ya shiga, ka buɗe zane burauzar ta sandare. A wani wurin kuma mai kula da kwamfutocin ofis ya tare ka a ƙofa ya ce oda ce daga sama, ba a sa manhajar da mai ita ya yi watsi da ita. Ba ka ga laifinsa. Akwai wasu burauzoji a lokacin da suka fara gane zanen layi da kansu, ba sai an liƙa musu komai ba. Amma shafukan albashi da na aikin ofis tsohuwar kaɗai suka sani, saboda haka ita aka yarda da ita, sauran haramun ne.

Shekarar nan mun ga tasku. Mutanen da muka yi wa aiki suka riƙa hawa benen nan ransu a ɓace, kowa da farin akwatinsa. Wani ya ce mu muka dasa masa cuta a kwamfuta don ya dawo wurinmu. Wasu suka koma wurin masu aiki da fulogin wani kamfanin, mai walƙiya da kiɗa, wanda kowa ke rantsuwa ba zai taɓa mutuwa ba. Shi ma daga baya ya bi sahu, amma wannan wani labarin ne. Mu dai muka koma katin biki da kalanda. Telan ya daina tarayyar janareto da mu. Na ce wa Oga mu share tsofaffin fayilolin mu samu wuri, ya ce wallahi ko ƙulli ɗaya ba za a taɓa ba, zanen lafiyarsa ƙalau, mai kallon ne ya makance.

Ofishin Hajiya Bilkisu ne farkon inda muka je da gargaɗi. Ta saurare mu, ta ce ta gane, za ta sa a sake ginin taswirar a kasafin baɗi, kafin nan tsohuwar kwamfutarta tana nunawa. Muka tafi da kwanciyar hankali. Kwangilarmu ta riga ta ƙare, ni kuma neman abin kai wa baki ya ɗauke mini hankali, ban sake bi ta Jabi ba.

Abin da ya faru a can sai daga baya na haɗa shi. An kawo musu sababbin kwamfutoci. Mai kula da su, mutum ne mai son aikinsa, bai so shafin ya zauna da farin akwati, sai ya ɗauki hoton taswirar a tsohuwar kwamfutar kafin a kwashe ta, ya ɗora a daidai gurbin, na wucin gadi. Ya gaya wa Hajiya. A makon aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Wanda ya gaje ta, Malam Nuhu, abin da aka ce masa kawai shi ne, "Komai yana kan sistem, ka bi ja." An kuwa ɗauki hoton ne bayan babban zagayen gyara na ƙarshen damina, lokacin da ko'ina kore ne shar. Da ido ba ka bambance shi da na gaske. Har baƙi ake kawowa a nuna musu.

Shi kuwa wakili yana can Kwali yana shigar da labari kamar yadda ya saba. Ɗigo yana yin ja a cikin fayil ɗin gaske, wanda babu idon da ke ganinsa. Ƙauyukan bakin titi ba su sha wahala sosai ba, sukan buga waya ko su tura wanda ya san wani. In haka ta faru Malam Nuhu sai ya ɗauka wakili ne malalaci ba ya shigarwa, wakili kuma ya ɗauka mutanen Abuja ne suka daina damuwa. Kowa ya riƙe zarginsa a ciki saboda kara. Wadda ta fi kowa shan wahala ita ce wadda ta bi ƙa'ida sau da ƙafa.

Tsakiyar bazara ce, da rana tsaka, zafi kamar ya tsaga kwano, na ji ana hawa bene a hankali ana hutawa. Mama Laraba ce. Ta rame, ta yi baƙi. Ashe tun daga tasha take tambayar inda mai zanen rijiya yake, har wani ɗan dako ya gane ya nuno mata. Oga ya ba ta kujerarsa, na ɗebo mata ruwa. Sai da ta shanye ta yi magana.

"Ɗana, rijiya ya mutu."

"Subhanallahi. Yaushe, Mama?"

"Tun an gama girbi. Na gaya wakili. Kasuwa ya zo na gaya, kasuwa ya zo na gaya. Ya rantse da Allah ya sa. Ka ce mu jira mota, muna jira."

"Ba ki je ofis ba?"

"Daga can nake. Mutumin ya juya mini talabijin ɗinsa, ya nuna mini namu kore. Ya ce makaniki kaɗan ne, sai inda ja, in yi haƙuri zai bincika. Ni da na sha ruwan rafi da safe, ya nuna mini kore."

Na jawo kwamfutar tafi-da-gidanka da nake da ita, wadda na sa wa ɗaya daga cikin burauzojin da ke gane zanen layi, na buɗe fayil ɗin gaske. Taswirar Oga ta fito, rafukanta da hanyoyinta, amma kamar an watsa mata barkono. Na matso da Gangare. Ja ne. Oga ya kawo fuskarsa dab da allon, don idonsa ya fara rauni, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Tashi ku je yanzu. Kada ka tsaya rufe komai."

Malam Nuhu bai ji daɗin sake ganinta ba, balle da ta zo da rakiya. Mutum ne mai tsari, teburinsa tsaf.

"Malam, na riga na yi mata bayani. Ni sistem nake bi, ba son rai ba. In na fara tura mota don wani ya zo ya yi kuka, gobe masu baki ne kaɗai za su sha ruwa."

Gaskiya ya faɗa, kuma don hana haka aka yi taswirar tun farko. Na roƙe shi ya danna ɗigon Gangare a allonsa. Ya danna, ko gezau. Na ce ya matso da shi. Ya matso, ɗigon ya dagargaje ya zama tsaba-tsaba. Na ajiye tawa kwamfutar kusa da tasa. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya sake duban wannan.

"Wannan na yaushe ne?"

"Na yau."

"Nawa fa?"

"Hoto ne, Malam. Tun ƙarshen damina yake a haka."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Na ga gumi ya karyo masa duk da sanyin ɗakin. Ya tashi ya zagayo teburin, ya durƙusa a gaban Mama Laraba da manyan kayansa.

"Mama, ki yafe mini. Na ƙaryata ki a kan hoto."

Ta ce, "Tashi, ɗana. Ka kawo mota kawai."

Mota ba ta fita rana ɗaya a ofis, sai an sa hannu, sai an samu mai, ga jajayen ɗigo da yawa kowanne da mutanensa. Amma Malam Nuhu ya tsaya tsayin daka, ya sa Gangare a farko. Ya kuma yi rigima har aka bar masa wata tsohuwar kwamfuta a kusurwa da burauzar da ke nuna taswirar. Ni kuma na ƙara abu biyu a ƙasan shafin da rubutu zalla, wanda kowace burauza za ta nuna ko ta makance: sunayen rijiyoyin da suka mutu, da ranar da aka shigar da labari na ƙarshe. Shi ya sa kuke ganin ina matsa muku a kan wannan ɗan layin da kuke cewa yana ɓata kwalliya. Abin da ya lalace ya nuna ya lalace, da sauƙi. Wanda ya lalace yana murmushi shi ne abin tsoro. Shekaru bayan haka burauzar ofisoshin ma ta koyi zanen layi, sauran duk suka koya, fayilolin da Oga ya hana sharewa suka buɗe kamar jiya aka zana su. Lokacin idonsa ya riga ya tafi, sai dai na gaya masa da baki, Allah ya jiƙansa.

Ranar da makanikai suka tafi Gangare na bi su. Muka bar mota, muka tsallake rafin, wanda ya koma 'yan kududdufai masu kore-kore, da ramukan da mata suka tona a yashi suna jiran ruwa ya tsattsafo. Makanikan suka kwance kan famfon, suka riƙa zaro sandunan ƙarfe suna jerawa a ƙasa. A can ƙarshe babbansu ya ciro wata 'yar roba da ba ta kai tafin hannu ba, ta cinye ta tsage. Ya sa sabuwa daga aljihunsa. Kafin azahar sun mayar da komai.

Ina jiransu na zagaya inda na taɓa samun Mama Laraba tana gini. Babu tukunya ko ɗaya a inuwar. Tulin yumɓun ya bushe ya tsattsage, wurin gashi kuma ba alamar an hura wuta a bana. Ban tambaya ba, na gane. Ruwan da aka ɗauko a kafaɗa daga wancan nisa ba wanda zai zuba wa laka, yara na jiran na sha. 'Yan matan ma ban ga ko ɗaya ba.

Aka tuƙa famfo. Ya yi tari, ya amayo jan ruwa, sannan fari ya biyo. Yara suka yi ihu, mata suka taho da robobi. Mama Laraba ba ta yi guɗa ba. Ta tara hannu ta wanke fuska, ta sha, ta gode wa makanikan ɗaya bayan ɗaya. Babbansu ya nuna mata tsohuwar robar, ta karɓa ta juya ta a hannu ta mayar masa.

Na ce, "Mama, yanzu sai a koma gini."

Ta nuna mini gabas da haɓa. Hadari ne ya haɗo baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗa ganyen mangwaro.

"Bana ya wuce, ɗana."

"'Yan matan fa?"

"Sun tafi gari aikin gida. Ba tukunya, me za su ci a nan? Sun samu wuri, ba za su dawo su zauna da laka ba."

Kunya da baƙin ciki suka cika ni, na tsaya riƙe da jakar kwamfuta ina kallon ruwa yana zuba a ƙasa. Makanikan suna ta kirana mu tafi kada rafi ya tare mu. Ɗigon farko ya faɗo mini a hannu.

Ta dafa kafaɗata ta ce, "Je ka, kar ruwa ya dake ka. In ka isa ka gaya wa talabijin ɗinku ya sa kore. Yanzu gaskiya ne."

Ta juya ta shiga gida kwashe shanya.